Masara mai ɗigo-ɗigo ko Obatanpa, wanne zan saya?

Wani ƙanena a Aboabo ya kawo mun goyon masara daga kasuwar Techiman, ƙwayoyin ja da fari da shuɗi, wai ya ajiye ya shuka ko kuwa ya sayi iri na leda kamar Obatanpa. Nace tsaya tukuna, kalli ƙwayar da kyau.

In kowace ƙwaya launinta ɗaya ne, wannan ja waccan fari, to yawanci iska ce ta kwaso garin fure daga gonar makwabci ta zuba kan gemun masarar. Amma in ƙwaya guda ce da ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa mata tawada, nan ne fa ake zargin ƙwayoyin halitta masu tsalle, wato guntayen DNA (kayan gado na halitta) da ke sauya wuri. Barbara McClintock ce ta gano su a masara a Amurka tun shekarun 1940, sai 1983 aka ba ta kyautar Nobel. Wani guntun DNA da ta kira Ds yakan shiga tsakiyar ƙwayar halittar launi ya kashe ta, kuma shi kaɗai baya iya motsi sai wani mai suna Ac ya yanko shi, da ya fita launi ya dawo a wurin, in ya fita da wuri tabon ya yi faɗi in ya makara sai ɗan ɗigo. Kusan kashi 85 cikin 100 na DNA ɗin masara irin waɗannan ne, mafi yawansu ma kwafe kansu suke su liƙa wani wuri, kuma akasarinsu sun daɗe da yin shiru.

To ga zaɓi. Obatanpa fara ce, cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua nan kusa da Kumasi ta fitar da ita a 1992, furotin ɗinta yafi inganci, kuma zaka iya ware iri daga girbinka. Akwai kuma wata mai suna Mamaba, ita haɗin aure ce na iri daban-daban, tafi yabanya amma duk shekara sai ka sake sayen iri, ga taki. Mai ɗigon kuwa baka san me zata haifa ba, kuma masu dokunu da banku fara suke nema, olonka ɗinka, wato mudun awonka, zai daɗe a ƙasa ba mai saye.

Ni dai nace masa ya sayi Obatanpa daga dillalin iri mai rajista, goyon nan kuma ya bani, zan kaiwa malamin sayans na yaranmu ya nuna musu a aji.