Osaka Amazing Pass: tikitin yawon Osaka, inda yake biya da inda ba ya biya

Osaka Amazing Pass tikiti ne da aka tanadar wa baƙi masu yawon buɗe ido a Osaka, birni na uku a yawan jama'a a Japan bayan Tokyo da Yokohama. Abu biyu ya haɗa: hawa jiragen ƙarƙashin ƙasa na Osaka Metro da bas-bas na cikin gari iya son ranka, da shiga wuraren kallo kusan 40 ba tare da ka sake taɓa aljihu ba. Akwai na yini ɗaya, akwai na yini biyu. Bayan na yi amfani da shi, abin da zan ce shi ne yana mayar da kuɗinsa har da riba, amma ga wanda ya tsara yininsa tun da dare. Wanda zai fito da hantsi yana lalube, gara ya bar kuɗinsa.

Kuskuren farko da mutane ke yi a kan lissafin lokaci ne. Yini ɗaya a nan ba awa 24 ba ne. Daga jirgin farko na asuba ne zuwa na ƙarshe wajen tsakar dare. Idan ka fara amfani da shi ƙarfe 4 na yamma, ka ƙona yini guda a kan 'yan awoyi. Na yini biyu kuma dole kwanakin su zo a jere, ba a tsallake rana. Sannan yanzu a waya ake riƙe shi, lambar QR ce kake nunawa a ƙofar tasha da bakin kowane wuri. Saboda haka intanet da caji sun zama wajibi. Wayar da ta yini tana ɗaukar hoto da nuna taswira ba ta kai Magariba, don haka a saka fawa-bank a jaka. A tasha kuma ba kowace ƙofa ke karanta QR ba, sai ka nemi mai ɗan gilashin karantawa a samanta.

Tikitin ba ya aiki a jiragen ƙasa na kamfanin JR (Japan Railways), ba kuma zai kawo ka daga filin jirgin sama na Kansai ba. Wannan tafiyar daban ake biya, kuma jirgin Nankai mai suna Rapi:t yana kai mutum unguwar Namba da ke tsakiyar birni cikin kusan minti 40.

Wurin da ya kamata a fara da shi Fadar Osaka ce, kuma da an buɗe ƙarfe 9 na safe. Toyotomi Hideyoshi, shugaban mayaƙan da ya haɗe kan Japan, shi ne ya fara gina ta a 1583, amma hasumiyar da ake gani yau ginin kankare ce ta 1931, cikinta gidan tarihi mai hawa 8. Wanda ya zo da tunanin ganin ɗakunan sarauta na katako zai sha mamaki, domin kayan yaƙi ne da zane-zane a cikin gilashi. Ainihin abin kallo yana waje, a ganuwa. Daidai ƙofar Sakuramon akwai dutse guda da ake kira Takoishi, nauyinsa ya haura tan 100, fuskarsa sumul kamar an goge bango, mutum na tsayawa gabansa ya koma kamar yaro. Daga tashar Tanimachi 4-chome ko Morinomiya zuwa gindin hasumiya tafiyar ƙafa ce ta minti 15 zuwa 20, da ɗan hawa, to a kula idan akwai dattijo a tafiyar. A ciki layin lif ne ke cin lokaci. Mai ƙarfin gwiwa ya bi matakala, zai riga su isa sama. Tikitin ya haɗa da ɗan kwale-kwale mai ado na zinariya, Gozabune, da ke zagaya ruwan da ya kewaye ganuwa. Shi ana karɓar lokacin hawansa ne a rumfarsu, don haka a fara karɓa kafin a hau hasumiya.

Wurin da na fi so a jerin duka, ba shi ne ya fi suna ba: gidan tarihin gidaje da zaman rayuwa na Osaka, wanda ke saman tashar Tenjinbashisuji 6-chome. A hawa na 9 an gina unguwa sukutum irin ta shekarun 1830, da shagon magani, da gidan wanka, da lungu mai rijiya. Kana cikin tafiya fitilu za su dushe, dare ya yi, can kuma gari ya waye. Awa ɗaya ta isa. Ranar Talata ba ya buɗewa, haka ma gidan tarihin birnin da ke kusa da fada. Gidan namun daji na Tennoji kuma Litinin yake hutu. Wanda ya sayi tikitin don waɗannan ranakun bai duba ba, ya rage wa kansa riba tun kafin ya fita.

Daga nan sai Umeda. Umeda Sky Building dogayen gine-gine biyu ne da aka haɗa kawunansu a sama, tsayinsu mita 173, aikin mai zanen gini Hiroshi Hara, an gama a 1993. Matakala mai tafiya da kanta ce ke ratsa sarari tsakanin ginin biyu ta kai ka rufin da ba shi da gilashi, iska na kaɗa ka, kogin Yodo shimfiɗe a arewa. Ga abin lura: shiga kyauta da wannan tikiti da rana ne kawai, yamma na yi sai dai rangwame. Mai son ganin faɗuwar rana a can zai ciro kuɗi. Kuma daga tashar Umeda akwai tafiyar minti 10 zuwa 15, cikin tashar da hanyoyinta na ƙarƙashin ƙasa ke rikita har 'yan gari. A bi allunan, kada a dogara da taswirar waya, domin a ƙarƙashin ƙasa takan ruɗe. Jan lilon nan mai kama da taya da ke saman kantin HEP Five yana cikin tikitin, shi za a iya bar wa dare.

Bakin teku, wato Tempozan, layin Chuo ke kai mutum, a sauka a Osakako. Lilon can tsayinsa mita 112.5, ga jirgin ruwa Santa Maria mai zagayen minti 45, duka biyun suna ciki. Amma Kaiyukan, gidan kifayen da ya sa yawancin mutane ke zuwa unguwar, ba ya ciki. Haka filin wasanni da shaƙatawa na Universal Studios Japan, haka benen Abeno Harukas mai mita 300. Iyalin da waɗannan ukun ne burinsu ba su da buƙatar wannan tikitin ko kaɗan. A ganina ma cusa Tempozan a tikitin yini ɗaya wahala ce, zuwa da dawowa da zagayen jirgi suna cinye rabin yini. Na mai yini biyu ne.

Dotonbori kuwa, unguwar cin abinci da ke bakin ruwa a Namba, da dare take. Kwale-kwalen Tombori River Cruise minti 20 yake yi, yana bi ƙarƙashin gadoji 9, ya tsaya gaban allon tallar kamfanin Glico mai ɗan tseren da ya ɗaga hannu biyu, wanda aka fara kafawa a 1935, na yanzu kuma shi ne na shida, tun 2014. Nuna waya a bakin kwale-kwale ba ya wadatarwa. Sai ka je rumfar tikiti da ke gefen kantin Don Quijote an ba ka takarda mai lokacin tashi, kuma kujerun dare su ke fara ƙarewa. Dabara ita ce a biya ta nan da rana a karɓi na bayan Magariba, sannan a ci gaba da yawo. Layin Midosuji, mai jan launi, shi ya haɗa Umeda da Shinsaibashi da Namba da Tennoji, don haka biyawar ba ta da nisa. Mata su sani akwai tarago na mata zalla a wannan layin a ranakun aiki, an rubuta a ƙasan dandamali. A matakala mai tafiya kuma, mutanen Osaka dama suke tsayawa su bar hagu ga masu sauri, saɓanin Tokyo.

Ranar sayayya kada a ɓata wannan tikiti. Kasuwa ba a biyan kuɗin shiga, kuma kasuwannin Namba kusa suke da juna, ƙafa ta isa. Idan za a hau jirgi da yawa, katin yini na Osaka Metro mai suna Enjoy Eco Card ya wadatar, yen 820 a ranakun aiki, 620 a ƙarshen mako, alhali mafi arhar tafiya guda yen 190 ce. Shinsaibashi-suji rufaffen layi ne mai tsawon kusan mita 600, na sutura da kayan kwalliya da magunguna, amma bayan Azahar cunkoso ba ya barin mutum ya tsaya ya duba kaya a natse. Tenjinbashisuji mai kilomita 2.6 ya fi sauƙin farashi, can 'yan gari ke cefane. Doguyasuji na kayan girki ne, wuƙaƙe da tukwane da faranti, kuma wuƙar da aka saya a babbar jaka take tafiya, ba a jakar hannu ba. Den Den Town a Nipponbashi na kayan lantarki ne. Nan a yi hattara: wutar Japan bolt 100 ce, tamu ta Najeriya da Nijar ta ninka haka fiye da sau biyu. Tukunyar dafa shinkafa ko na'urar busar da gashi da aka yi don cikin gida, kana jona ta a Kano za ta ƙone. A nemi wadda aka rubuta 220 zuwa 240 a jikinta, manyan kantuna na ware musu sashe. Kuma ciniki ba al'adar kantunan nan ba ne, farashin da ke jikin kaya shi ne.

Harajin saye kashi 10 cikin 100 ne, kuma baƙo na samun sauƙinsa idan ya kashe yen 5,000 ko fiye a kanti ɗaya a rana ɗaya. Fasfo na asali ake nunawa, hotonsa ba ya yi. An tsara cewa daga Nuwamba 2026 mutum zai biya cikakken kuɗi a kanti, a mayar masa da harajin bayan an tantance kayan lokacin barin ƙasar, to a adana rasit kuma kada a rabu da kayan.

Abinci shi ne inda Musulmi zai fi buɗe ido, domin Osaka garin ci ne. Okonomiyaki, wainar fulawa da kabeji, yawanci da naman alade ake yin ta. Takoyaki, 'yan dunƙulen fulawa masu naman dabbar teku mai hannu takwas, ba naman alade a ciki, amma miyar da ake shafa musu kan ƙunshi giyar girki ko romon nama. Kushikatsu, soyayyen nama ko kayan lambu a tsinke, na unguwar Shinsekai kuma mai ɗaya ake soya komai a ciki. Akwai gidajen abincin halal a kewayen Namba da Shinsaibashi, sai dai ƙanana ne, suna cika da wuri, gara a ci kafin ƙarfe 6. A kasuwar Kuromon gasasshen kifi da jatan lande da 'ya'yan itace sun fi kwanciyar hankali, kodayake farashin na baƙi ne. A ci a gaban shagon a miƙa musu takardar, domin kwandon shara wuya yake a titi.

Wurin salla akwai a filin jirgin Kansai, akwai a kantin Namba City. Masallacin Osaka yana gundumar Nishiyodogawa, kusa da tashar Chibune ta layin Hanshin, wajen da'irar wuraren kallon. Wanda yininsa na tikiti ya faɗa Juma'a zai rasa awoyin tsakar rana, waɗanda su ne na hawa Umeda Sky Building kyauta. Laraba ko Alhamis sun fi: gidajen tarihi a buɗe, layi kuma bai kai na Asabar da Lahadi ba.