Sau uku na tura masa kuɗi: ku yi hattara da mai tallan kifin beta da "maganin fiffike"

Jama'a ku yi haƙuri yau rubutun zai yi tsawo, tun shekaranjiya abin nan ke cina a rai ko barcin kirki ban yi ba. Akwai wani mutum da ke tallan kifin ado a intanet, kifin nan beta mai doguwar wutsiya kamar an baza mayafi a cikin ruwa, yana ɗora bidiyo masu kyau yana cewa shi yake kiwonsu da hannunsa. Mutumin nan macuci ne, kuma ba zan janye kalmar ba. Sau uku na tura masa kuɗi. Sau uku. Na farko kuɗin kifi da kwanon gilashi, na biyu kuɗin magani kwalba biyu, na uku kuɗin wani magani wai mai ƙarfi da har yau ban sa shi a idona ba, kuma na ukun nan shi kaɗai ya ninka kuɗin kifin kansa.

Kafin wani ya zo yace min ai kai ka so, bari in faɗa muku ni ba mutum ne mai tura kuɗi haka kawai don ya ga hoto ba. Kwana huɗu ina masa tambayoyi kafin in biya ko sisi. Na kalli bidiyonsa ɗaya bayan ɗaya, na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa, kuma mutumin ya san kifin, wallahi ya sani. Shi ya fara faɗa min sunan kifin na kimiyya Betta splendens, yace asalinsa ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, yana zama a gonakin shinkafa da fadamu, yace har a 2019 Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa, na je na duba na ga gaskiya ne. Ya bambance min mai wutsiyar da ke buɗewa kamar rabin wata da mai gajeren fiffike da suke kira plakat, yace kada in taɓa haɗa maza biyu wuri ɗaya za su yayyaga juna, nan ma gaskiya ne. To wa zai ji wannan duk yace ɗan damfara ne?

Amma ba wannan ne ya kama ni ba. Abin da ya kama ni saƙon murya ne guda ɗaya, yana nan a wayata, na saurare shi ya fi sau ashirin daga shekaranjiya zuwa yau. Ni da kaina nace masa ina so in sayi tanki babba da filta mai tace ruwa da hita mai ɗumama shi tunda na ga ana sa su. Sai yace, cikin wata murya mai sanyi kamar ɗan'uwanka na jini, "Haba Yaya, kada ka ɓata kuɗinka, ni ba don riba nake wannan harkar ba, kifin nan a sawun kofaton bauna ma yana rayuwa, kwano ɗan lita 2 ya ishe shi, ruwan ma sau ɗaya a wata za ka canza." Kada ka ɓata kuɗinka. Nan ne fa. Nan na saki jiki gaba ɗaya, nace a raina mai sayarwar da zai hana ka kashe kuɗi ai mai tsoron Allah ne, har na juya na cewa matata kin ga irin mutanen da ake nema. Kada ka ɓata kuɗinka Yaya. Ashe rami yake haƙa min, don ya san sarai kifin da aka jefa a lita 2 babu filta babu canjin ruwa sai ya yi ciwo, in ya yi ciwo kuma wa zan nema in ba shi ba.

Don 'yata na sayi kifin, shekararta 7, ta ga irinsa a waya ta nace. Ita ta sa masa suna Sarki. Ja ne da ɗan shuɗi a gindin wutsiya. Ranar da aka kawo shi a leda na lura bakin wutsiyar ya ɗan yi baƙi-baƙi kamar takardar da wuta ta lasa, kuma ba ta kai ta cikin bidiyon faɗi ba ko kusa. Nan take na ɗauki hoto na tura masa, kun ga ban yi sakaci ba, na tambaya. Yace launin irinsa ne, kuma gajiyar hanya ce ta sa ya tsuke wutsiyar, in ba shi kwana uku zai baje. Na yarda. Me zai hana in yarda da wanda ya hana ni ɓata kuɗina?

A kwana na tara wutsiyar ta fara zaizayewa, bakinta ya zama kamar tsumman da ɓera ya ci, fiffiken baya ya manne a jikinsa, kifin da ke zuwa da gudu in yarinyar ta kawo yatsa jikin gilashi ya koma kwanciya a ƙasa, sai dai ya taso ya kurɓi iska ya koma. A'a tsaya, kafin nan ma akwai ranar da nace masa ruwan ya fara yin hazo yana ɗan wari, ina ga kwana na shida ne ko na bakwai, yace in bar shi haka, wai beta ya fi son tsohon ruwa. Wannan ma yana cikin hirar, zan ɗora muku ku gani da idonku. Sai a kwana na taran ne yace ai wannan ciwon ruɓewar fiffike ne, kuma cikin ikon Allah yana da maganinsa na musamman da yake haɗawa da kansa, kwalba ɗaya ba za ta isa ba sai biyu. Na tura. Karo na biyu kenan.

Kwalaben nan biyu suna gabana yanzu haka da nake rubutun nan. 'Yan ƙanana ne na roba, ruwa ne shuɗi a ciki, babu suna, babu jerin abin da aka haɗa, babu ranar lalacewa, sai wata 'yar takarda da aka manna aka rubuta 1 da 2 da biro. Ta biyun ma ta fi ta farko dishi-dishi kamar an ƙara mata ruwa. Yace ɗigo 10 safe ɗigo 10 yamma, kuma, ku saurara da kyau, kada in canza ruwan kwanon har kwana 14 don kada ƙarfin maganin ya tafi. Kwana 14 a lita 2, da kashin kifi da ragowar abinci a ciki. Ni kuma na bi, kullum safe da yamma ina ƙirga ɗigo da hannuna, yatsuna sun yi shuɗi, yarinya tana tsaye tana tambayata Baba ya warke? Wallahi in na tuna ni da hannuna nake ƙara masa azaba ina ganin taimakonsa nake yi sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Da abin ya ƙi, wutsiyar ta kusa cinyewa rabi, na kira shi. Bai ko ji kunya ba yace ciwon ya yi nisa, sai wani magani mai ƙarfi da ake kawo masa daga Tailan, saura guda ɗaya a kayan da ke hanya kuma mutum biyu na nema, amma saboda yarinyar zai ajiye min in na biya a ranar. Saboda yarinyar. Ni na faɗa masa maganar 'yata tun farko, ya riƙe ya yi amfani da ita. Na tura, karo na uku, wanda ya ninka kuɗin kifin. Yace ya ga alat, Allah Ya saka, jibi zai iso. Jibin ya zo yace kaya sun maƙale, bayan kwana biyu yace yana asibiti da mahaifiyarsa, har addu'a na yi mata, daga nan saƙona ya daina shiga, hotonsa ya ɓace, na kira da wayar matata ta shiga yana jin muryata ya kashe. Ya yi bulokin ɗina. Sau uku na tura wa mutumin nan kuɗi ya rufe ni kamar ni na cuce shi.

Wata baiwar Allah da ta daɗe tana kiwon kifin ado ce ta buɗe min ido, na tura mata hoton Sarki ina tambayar inda zan samu wannan magani mai ƙarfi, ba ta ko kula maganar magani ba tace lita nawa ne ruwan, yaushe ka canza, nawa ne zafinsa. Da na faɗa mata sai ta yi shiru, can tace Malam ruwan ne ke cin kifinka. Ta sa na nemo abin gwajin ruwa, irin wanda ake ɗiga wa a ɗan kwalbar gilashi a girgiza. Gwajin amoniya in ruwa lafiya lau ne rawaya yake tsayawa, nawa kore ya koma shar, sai da na ɗebi ruwan sau biyu don ban yarda ba. Ta yi min bayani cewa kashin kifi da abincin da ya ruɓe su ke zama amoniya, guba ce, tana ƙona fiffike da wurin numfashinsa tana raunana shi, sai ƙwayoyin bakteriya da dama can suna cikin ruwa su samu ƙofa su fara cin fiffiken daga baki. Filta kuma ba don ado ake sa ta ba, a cikin sosonta wasu bakteriya masu amfani ke zama suna mai da amoniya nitirayit, su mai da nitirayit nitiret mai sauƙin illa, kuma kafin su kafu a sabon tanki ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Amoniya sifili, nitirayit sifili, haka ake so. Maganar sawun kofato kuwa, gaskiya ne beta yana da wata gaɓa a kansa da ke ba shi damar shaƙar iska daga saman ruwa shi ya sa yake jure wahalar da wani kifin ba zai jure ba, amma fadamun da yake zama ba su da zurfi ne kawai, faɗi gare su. Mutumin nan ya ɗauki gaskiya ɗaya ya lulluɓe ƙarya da ita, kuma ya san duk wannan, wanda ya san Betta splendens ba zai ce bai san amoniya ba.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, bidiyon da ya sa na saya ba ma nasa ba ne. Ita matar ta gano shi a shafin wani mai kiwo na ƙasar waje, an ɗora tun da daɗewa, wannan ya yanke gefen da sunan mai shi yake. Kuma jiya wani ya min magana ta akwati yace shi ma haka aka yi masa, kwano, kwalba biyu, maganin Tailan, har kalmar nan ta kada ka ɓata kuɗinka, shi nasa kifin ya mutu. Kenan sana'a ce, ba ni kaɗai ba ne, kuma ba wauta ce ta sa na faɗa ba, an tsara abin ne a kan mai son ya yi daidai.

Na manta ban faɗa ba, a karon farko ma ya haɗa min da wata ciyawar roba mai kaifi wai kyauta, ita ma tana yagar fiffike duk lokacin da ya ratsa ta, na cire na jefar.

Sarki dai yana raye. Yanzu yana tanki mai lita 20 da filtar soso mai hura ruwa a hankali, don ruwa mai ƙarfi na wahalar da mai dogon fiffike, da hita a kan digiri 26, tsakanin 24 da 28 ake so. Tunda tankin sabo ne ina canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu, ina sa maganin kashe kulorin a ruwan famfo kafin in zuba, abinci ƙwaya 3 ko 4 kawai, abin da ya rage in tsame. Ban sa masa ko ɗigon komai ba bayan wannan. Yau da safe na haska masa tocila na ga baƙin nan ya tafi, wani siririn baki mai haske kamar leda ya fito a ƙarshen wutsiyar, matar tace sabon fiffike ne ke tsirowa. Ruwa mai tsafta kawai. Abin da nace zan saya tun ranar farko mutumin nan ya hana ni.

Ku dai kada ku sayi magani marar suna a jiki, kada ku yarda da mai ce muku kwano ya isa, ku nemi sabon bidiyo na ainihin kifin kafin ku biya, in fiffike ya fara baƙi ko zaizayewa ku gwada ruwa ku canza tukuna, in ya ci ya kai jiki ku nemi likitan dabbobi.

Ina harhaɗa hotunan hirar da shaidar turawar guda ukun da saƙon muryar nan, zan rufe lambobi in ɗora su a ƙasa da daddare, kuma na riga na kai ƙarar shafin. Duk wanda ya taɓa sayen kwalba mai lamba 1 da 2 da biro a wurin wani ya min magana, ina so in san mu nawa ne.