Sharhi a Kan Ƙunshin Ɗinkin Rigar Ƙarni na 14 da Na Saya Saboda Bikin Visby

Masu raya tarihin Turai, wato mutanen nan da suke taruwa su sa tufafi irin na ƙarni na 14 ko na 15, su kafa tantuna, su yi girki da itace, su kuma kwaikwayi yaƙe-yaƙen da aka gwabza a wancan zamani, suna da wata 'yar kasuwa tasu wadda ba kowa ya san da ita ba. A cikinta akwai ƙananan shaguna da suke haɗa wa mutum duk abin da zai buƙata don ya ɗinka riga da hannunsa: takardar yanka, yadi, zare, allura da ɗan littafin bayani. Irin wannan ƙunshi na saya ta intanet, kuma a kansa zan yi magana a matsayina na tela wadda ta koyi ɗinki a Zariya kafin zama ya kawo ta Suwidin. Hukuncina tun daga farko shi ne, binciken da aka yi a cikin ƙunshin ya fi yadin da aka sa a ciki daraja nesa ba kusa ba, kuma wanda zai saya ya kamata ya san da haka kafin ya fitar da kuɗinsa.

Abin da ya sa na nemi rigar shi ne Makon Tarihi na garin Visby da ke tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, wanda ake yi kowace shekara a watan Agusta tun daga 1984. Garin yana nan da ganuwarsa ta dutse, kuma a bakin wannan ganuwa ce sojojin sarkin Denmak, Valdemar na Huɗu, suka karkashe manoman tsibirin a watan Yuli na 1361. Baƙon da ya zo kallo yana iya sa duk abin da ya ga dama, babu mai tanka masa. Amma ƙungiyar da na shiga tana da ƙa'ida mai tsauri: ba zif, ba roba, ba ɗinkin keke a inda ido zai gani, kuma duk abin da mutum ya sa, sai ya iya faɗin inda ya samo hujjarsa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya sa littafin bayanin ya zama abin da na fi yabawa. An gina rigar a kan tufafin da aka tono a maƙabartar Herjolfsnes, wani tsohon mazaunin Turawan Arewa da ke kudancin tsibirin Girinlan, inda masanin tarihi ɗan ƙasar Denmak, Poul Nørlund, ya yi haƙa a 1921. Itace ya yi wa mutanen wurin ƙaranci, saboda haka da yawa daga cikin mamatan ba a yi musu akwati ba, sai aka naɗe su da rigunansu na yau da kullum, sanyin ƙasar kuma ya adana ulun har ɗaruruwan shekaru. Abin da ya ba waɗannan riguna muhimmanci shi ne, ba na sarakuna ba ne, ba kuma na manyan limaman coci ba, waɗanda dama su aka saba ajiyewa. Tufafin manoma ne da makiyaya, kuma yanzu suna gidan adana kayan tarihi na ƙasar Denmak a Kofanhagen.

Mai littafin ta bi kowane sashe na rigar ta faɗi matsayinsa. Akwai abin da aka gani da ido a jikin rigar da aka tono, akwai abin da aka ɗauko daga zane-zanen da ke cikin rubuce-rubucen hannu na wancan ƙarni, akwai kuma abin da ita da kanta ta yi hasashe saboda babu wata shaida. Ba ta cakuɗa ukun ba ko sau ɗaya. Misali, game da rigar ciki ta lilin, ta bayyana ƙarara cewa lilin ba ya jure zama a ƙasa mai damshi kamar yadda ulu da siliki suke jurewa, don haka samfurinsa da ya tsira kaɗan ne ƙwarai, kuma yankan da ta bayar daga hotuna ta tsamo shi. Wannan gaskiya ta fi mini amfani a kan a ce mini komai tabbas ne, domin lokacin da mai duba tufafin ƙungiyarmu ya tambaye ni hujjar tsayin hannun rigar ciki, na ba shi amsar da ke akwai, ba wadda aka ƙaga ba.

Wani abu da littafin ya gyara mini shi ne batun launi. Duk wanda ya ga hotunan rigunan Girinlan zai ɗauka mutanen sun rayu ne cikin ruwan ƙasa daga sama har ƙasa, alhali yawancin wannan launi ƙasar kabari ce ta rina su da shi. Binciken da aka sake yi a kan zaren ya nuna cewa masaƙan sukan haɗa zare mai duhu a tsaye da zare mai haske a kwance, duka daga launin gashin dabbar na asali, sai saƙar ta fito da wani ɗan sirki mai kyau.

Takardar yankan ita ma ta yi kyau, ko da yake tana buƙatar wanda ya riga ya san almakashi. Rigar ba a yanka ta da lanƙwasa irin ta telolin yau ba. Gaba da baya kusan miƙaƙƙun falle ne, sai a samar da faɗin ƙasa ta hanyar cusa yankuna masu tsini a tsakiyar gaba, a tsakiyar baya da kuma gefe biyu, kowanne siriri a sama mai faɗi a ƙasa. Wanda ya taɓa zama kusa da masu haɗa babbar riga daga ƙwaryar saƙi zai gane tunanin nan take, domin a wurare biyun faɗin abin da masaƙa ta bayar shi yake yi wa tela iyaka, kuma ba a yarda ko ɗan ƙyalle ya tafi a banza ba. Har ma akwai wata dabara da ta burge ni: a wasu rigunan na Girinlan, idan yanki ɗaya ya fito a dunƙule alhali takwaransa na ɗaya gefen guda biyu ne aka haɗa, sai mai ɗinkin ta bi tsakiyarsa da ɗinkin ƙarya don gefe biyu su yi daidai a ido. Matar da take zaune a ƙarshen duniya, cikin sanyi da ƙarancin komai, ta damu da daidaiton rigarta har haka. Takardar ta nuna inda ake yin wannan ɗinki, ni ma na yi shi.

Wurin da ya fi wahala shi ne tsinin yankin da ake cusawa a tsakiyar gaba, domin a nan babu haɗin da za a bi, sai dai a tsaga yadin a shigar da tsinin cikin tsagar. A can ƙololuwa, abin da allura za ta kama bai wuce zare biyu ko uku ba, idan aka ja da ƙarfi ya tattare, idan aka sassauta ya buɗe. Littafin ya ba da hotuna na kusa, ya kuma ce a kalmashe bakin tsagar a ɗora shi a kan tsinin, a ɗinka daga waje da ƙananan sara, maimakon a juya yadin ciki a ɗinka kamar yadda muka saba a keke. Da na bi haka, tsinin ya kwanta lif babu ko ɗan tudu. Inda takardar ta gaza kuwa shi ne kafaɗa da hammata. An faɗaɗa awon daga na asali zuwa na mutanen yau, amma ramin hannun ya zauna a matse, kuma ba a gargaɗi mai saye sosai ba. Shawarata ita ce a fara yanka saman rigar a akoko, a gwada, a ɗaga hannu sama a sunkuya, sannan a taɓa ulu.

Zaren da aka sako na lilin ne, tare da ɗan curin kakin zuma da ake jan zaren a kai don kada ya tsinke ko ya harɗe. Zare ne mai kyau, sai dai matan Girinlan da siririn zaren ulu suka yi ɗinkinsu, kuma littafin da kansa ya faɗi haka. Ɗinkin ulu da zaren lilin ya fi dacewa da guntayen tufafin wancan zamani da aka tono a Landan, inda lilin ɗin ya ruɓe ya bar ramukan allura a jere. Tunda mai shagon ta san wannan, da ta sa zaren ulu ko da ɗan kaɗan ne don kalmasar wuya da bakin hannu, wuraren da ido yake sauka.

Yanzu ga babban ƙorafina. An tallata yadin a matsayin ulu zalla, amma tun da na warware shi na ji santsinsa bai kwanta mini ba. Na zare 'yan silili daga baki na kai su ga wutar ashana. Ulu na gaskiya yakan yi ƙauri irin na gashi, wutar ta mutu da kanta, ya bar baƙar toka mai murmushewa a tsakanin yatsu. Wannan kuwa ya yi ƙaurin gashin, amma ya narke ya dunƙule ya bar ɗan ƙwallo mai tauri wanda farce bai iya fasawa ba, alamar an gauraya shi da zaren roba. Wannan ba batun tarihi kaɗai ba ne. A sansanin masu raya tarihi da itace ake girki, mace tana durƙushe a gaban murhu da riga mai faɗin ƙasa, kuma yadin da yake narkewa ya manne wa fata haɗari ne na zahiri. Na rubuta wa mai shagon na haɗa da hoto. Ba ta yi gardama ba, ta ce daga wurin dillalinta matsalar ta fito, ta kuma aiko da wani yadin ba tare da ƙarin kuɗi ba. Na yaba da halinta, amma musayar ta ci lokacin da ya kamata a ce ina ɗinki, ga shi ɗinkin hannu ba a yi masa gaggawa. Wanda bai san gwajin ashana ba da tuni ya yanka, kuma yadin da aka yanka ba a karɓarsa.

Yadi na biyu ulu ne na gaskiya, saƙar karkace irin ta asali, launin shuɗi mai ɗan haske. Na zaɓi shuɗi ne domin yana cikin launukan da Turawan wancan ƙarni suke samu daga tsiro: shuɗi daga ganyen wani tsiro da suke nomawa, wanda sinadarin da ke cikinsa shi ne dai na babar da marinan Kano suke amfani da ita, ja daga saiwar wani tsiron, rawaya daga wani, ana kama ja da rawayar da alam. Rinin sinadari na masana'anta bai bayyana ba sai 1856, lokacin da William Perkin ya gano nasa a Ingila. Littafin ya ƙara da jan hankali cewa launi da yadi suna tafiya da matsayin mai sawa. A Ingila, dokar 1363 ta zamanin Sarki Edward na Uku ta kai ga ƙayyade wa masu huɗa da makiyaya waɗanda dukiyarsu ba ta kai sule 40 ba cewa yadi mai arha kawai za su sa, kuma jan nan mai tsananin kyau da ake samu daga wani ƙwaro sai masu hannu da shuni. Saboda haka mai kwaikwayon matar manomi ba ta da hurumin fitowa cikin ja wur, komai kyansa a hoto.

An ba da zaɓin yin hannu mai maɓallai, kuma an faɗi a fili cewa wannan daga kayan Landan aka aro shi, ba daga rigar da aka gina takardar a kanta ba. Na zaɓe shi saboda yana ba ni damar naɗe hannu in yi alwala ko wanke-wanke. Maɓallan daga guntayen yadin ake yin su. A yanka ɗan da'ira, a zagaye bakinsa da sara, a ja zaren ya tattare, a tura bakin ciki da kan allura, a sake zagayawa a ja, sannan a yi ta soka allura ta tsakiya har ya yi tauri ya zama ɗan dunƙule. Ba a ɗinka shi a kan fuskar yadi kamar maɓallin yau, a daidai bakin hannun ake kafa shi. Bayanin wannan sashe ya fi kowane fita sarai, kuma ko ɗaya bai cire ba har aka tashi daga biki.

A jiki, rigar ta ba ni mamaki. Na zaci ulu a watan Agusta zai dafa ni, amma da rigar lilin a ciki tana shan gumi, zafin bai dame ni ba, da yamma kuma idan iskar teku ta taso sai na gode wa nauyinta. Lulluɓin da ake haɗawa da rigar bai zame mini baƙon abu ba, domin matan aure na Turai a ƙarni na 14 suna rufe kai da farin lilin, da yawansu har wuya da haɓa, saboda haka ban rage komai daga suturata ba don in dace da zamanin. An bar tsaga a gefe, kamar yadda aka gani a wasu rigunan Girinlan, ta inda ake zura hannu a kai ga jakar da ke rataye a ɗamara daga ciki, tunda a lokacin ba a yi wa riga aljihu. Bakin ƙasa ya sha jan duwatsun titunan Visby, amma layukan sara da littafin ya ce a jera a cikin kalmasa sun riƙe shi bai zare ba.

Ƙunshin ba shi da arha, kuma ba na ba wanda bai taɓa ɗinkin hannu ba shawarar ya fara da shi. Ga tela ko mai ɗinki da ya ƙware, shagon yana sayar da takardar yanka da littafin su kaɗai, kuma su nake ganin a saya. Yadi kuwa a nema daga masu sayar da ulu da suke yarda su aiko da ɗan ƙyalle tukuna, a ƙona silili, a jiƙa sauran a ga yadda zai tsuke, sannan a yi odar yadin da ɗan ƙari a kan abin da takardar ta ce, domin ulu yakan ragu a wankin farko.