Ƙara fiffiken gaba ko gyara zaman kaya: amsa ga ƙanenmu na Yalwa

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanenmu ɗalibin injiniya da ke Yalwa ya jefo tambaya daren jiya, na ga an yi ta turo masa hotunan jirage amma ba wanda ya taɓa ainihin maganar. Ya ce ya samu zanen Long-EZ, jirgin nan da ake haɗawa a gida mai ɗaukar mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Yana so ya faɗaɗa gangar jikin, mutum biyun su zauna kafaɗa da kafaɗa a gaba, baya kuma ta zama wurin kaya. Tunda goshi zai yi nauyi, wanne ya fi: ya ƙara girman ƙaramin fiffiken gaba, ko ya bar shi yadda yake ya sake rarraba nauyi? A yanzu samfurin soso mai rimot yake haɗawa, babban kuwa sai Allah ya hore.

Ƙanena, kafin mu jera hanyoyin biyu, sai mun yarda a kan aikin wannan ƙaramin fiffike. Irin wannan ƙira ana ce mata kanad, wato agwagwa da Faransanci, sunan da ya samo asali tun zamanin jirgin da Santos-Dumont ya tayar a Faris a 1906, mai dogon wuya kamar agwagwa a sama. Burt Rutan, wani injiniyan jirage ɗan Amurka, ne ya dawo da ita hannun masu haɗa jirgi a gareji, da VariEze a 1975, sannan Long-EZ a 1979. A wannan ƙira fukafukan biyu duk ɗaukar kaya suke yi. Ka ɗauka babba da yaro ne suka rataya buhu a sanda, yaro a gaba, babba a baya. Buhun ya fi kusa da babba, amma in ka duba ƙarfin kowa, yaron ne aka fi ɗora wa. Da gangan aka yi haka, don shi ya fara gajiya. In matuƙi ya ɗaga goshi fiye da kima, iska takan fara ƙwacewa daga saman fiffiken gaba, abin da matuƙa ke kira sitol, sai goshi ya sauko da kansa, gudu ya dawo, babban fiffike bai ma san an yi ba. Jirgin yakan riƙa gyaɗa kai ne kawai kamar mai gyangyaɗi. Duk amincin wannan ƙira a nan yake: yaro ya saki kafin babba.

To, ga lissafin abin da kake shirin yi. Long-EZ da komai da komai, mutane da mai da kaya, an tsara shi a kan kilo 600 ne. Cibiyar nauyinsa kuma, wato wurin da nauyin gaba da na baya suke daidaita, dole ta tsaya cikin wani ɗan tsakani da bai kai taƙi ɗaya ba, kimanin santimita 15. Duba zanen da ke hannunka ka ga wayon mai shi: tankunan man fetur suna kafaɗun jirgi, daidai cibiya, kujerar fasinja ma daidai cibiya. Ko an sha mai ko ba a sha ba, ko da fasinja ko babu, ma'auni ba ya motsi sosai. Matuƙi kaɗai ne ke gaba, kimanin mita ɗaya daga cibiya. Kai kuma kana so ka ɗauko fasinja daga inda ba ya damun kowa ka kai shi can. Mutum mai kilo 75 a nisan mita ɗaya, ka raba da 600, ya ja cibiya gaba da santimita 12 da rabi. Mutum ɗaya ya kusan cinye tsakanin gaba ɗaya. Kuma wannan mutum yau yana nan, gobe ba ya nan.

Mu fara da ƙara fiffiken gaba, tunda na san can zuciyarka ta fi karkata. Ba laifi, tana da abin so. Goshi zai ɗagu da wuri a kan titi, ba sai ka cinye rabin fili kana jan sandar tuƙi ba, kuma ba ka ɗauki wani mataccen nauyi ba sai ɗan soso da faiba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga jirgin da farfelarsa ke baya, don babu iskar farfela da za ta busa leɓen fiffiken gaba, wato ɓangaren da sanda ke motsawa, ta taimaka masa, gudu kaɗai ke ɗaga shi. Amma a nan gizo ke saƙar. Ƙara wannan fiffike ba ya faɗaɗa tsakanin nan na santimita 15, matsar da shi gaba kawai yake yi, iyakar gaba da iyakar baya duka. Ranar da ku biyu ne, lafiya lau. Ranar da ka tashi kai kaɗai, cibiya ta koma baya, ta tarar iyakar da ta sani ta tashi daga wurin. Yaron da ka ƙara wa ƙarfi ba zai saki ba, zai ci gaba da ɗaga goshi har sai babban fiffike ya saki. In babba ya saki yaro na riƙe, goshi ƙara ɗagawa yake yi, gudu ya mutu, jirgi ya taho ƙasa a kwance, sanda kuma ta zama ado.

Na gani da idona, a ƙaramin abu dai. Ina da wani samfuri da na yanka daga farin soson kwalin firji, faɗinsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba. Na ɗaura masa kyamara a goshi, ya ƙi ɗagowa, sai na ƙara wa fiffiken gaba faɗin yatsu biyu kowane gefe. Ya tashi sumul, har ina yaba kaina. Wata rana da la'asar batirin kyamarar ya ƙare, na cire ta na sa a aljihu, na sake harba shi a filin ƙwallon bayan unguwarmu. Ina jan sanda sai ya tsaya cak a sama, goshi na kallon gajimare, ya fara saukowa kamar an saki faifai. Na tura sanda gaba har ƙarshe, na ba shi wuta duka, ko gezau. Ya faɗo da ciki kusa da raga, yaran da ke wurin suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don na san da mutum ne a ciki ba mai dariya.

Ya kuwa faru da mutane. A ƙarshen shekarun 1980 wani jirgin kanad ƙirar Velocity ya shiga irin wannan hali a hannun matuƙin gwaji, ya sauko a kwance har cikin ruwa a Fulorida, Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma misalin da ya fi kusa da kai shi ne Cozy. Wani mai suna Nat Puffer ya riga ka wannan tunani tun farkon shekarun 1980: ya ɗauki Long-EZ ya faɗaɗa shi mutum biyu suka zauna gaba, daga baya ya fitar da Cozy Mark IV mai kujera huɗu, mai injin ƙarfin doki 180, mai ɗaukar kilo 930 gaba ɗaya. Da aka gwada shi a sama da wani nauyi da ake matsarwa gaba da baya a cikin jirgi don a gano iyakar baya, gyaran da ya biyo baya shi ne rage tsawon fiffiken gaba. Ragewa fa, ƙanena, ba ƙarawa ba. Dalili ɗaya shi ne gangar jiki mai faɗi ita ma ɗagawa take yi, kuma tana gaban cibiya. Wato da ka faɗaɗa wurin zama, ka riga ka ƙara wa yaron ƙarfi tun ba ka taɓa fiffikensa ba. Haka ma in ka tsawaita goshi.

Hanya ta biyu ba ta da armashi, aikin sikeli ne da alli. Ƙa'idarta duk mai tura amalanke a kasuwar Muda Lawal ya san ta: buhu ɗaya a can ƙarshe ya fi biyu a kan taya ɗaga hannu. Nauyi sau nisa, shi ke nan. A ce ka cire injin O-235 da aka tsara jirgin da shi ka sa wanda ya fi shi da kilo 15, a nisan mita 1.2 bayan cibiya, ka samu 18. In za ka rama da darma a can cikin goshi, mita biyu gaba, kilo 9 ya isa. In ƙarƙashin kujera za ka cusa ta, sai ka kusan ninka haka. In kuwa kana da batir mai kilo 9 a mita ɗaya bayan cibiya, ka mayar da shi mita ɗaya gabanta, ka rama 18 ɗin ba tare da ƙarin ko giram ɗaya ba. Shi ya sa nake cewa a fara matsar da abin da dole sai an tafi da shi, darma ta zo ƙarshe.

A tsarinka, sai ka shirya jirgin ta yadda in ku biyu ne cibiya na dab da iyakar gaba, in kai kaɗai ne ka sa darmar da ake cirewa a goshi. Haka masu Cozy marasa jiki suke yi har yau. Kyawunta, komai ana iya aunawa a ƙasa: sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, jirgi a daidaice, igiyar magina mai nauyi a baki, ka ɗiga alli a siminti ka auna nisa. In ka yi kuskure ka kwance ƙusoshi huɗu ka gyara. Fiffike kuwa in ka ƙara shi, ba sikelin da zai gaya maka inda sabuwar iyakar baya take, sai lissafi mai zurfi, sannan wani ya hau ya je nemanta a sama da lema a bayansa.

Kada ka ce na ɓoye aibinta. Darma nauyi ce da ba ta biyan kuɗin mota, kuma ta dogara da tunanin ɗan Adam. Ka sauke abokinka a Gombe, ka manta ba ka mayar da ita goshi ba, ka faɗa ramin da muke gudu. In kuma cibiya na can iyakar gaba, goshi ba ya ɗagowa sai an yi gudu sosai, sauka ma da gudu. Wannan ya fi ciwo a nan wurinmu. Bauchi tana kan tudun kimanin mita 600 ne, amma da rana tsaka a Afrilu, zafi na neman digiri 40, iska takan yi sirantar da jirgi zai ji kamar daga tudun mita 1,500 yake tashi, ko fiye. Inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage kamu, alƙaluman tsawon titi da aka rubuta don bakin teku ba naka ba ne. Titin filin jirgin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa zai ishe ka, amma wani ɗan fili a bayan gari, a'a. Ga damina kuma: fiffiken gaba na asali na Long-EZ an san shi da rage ɗagawa in ruwan sama ya jiƙa shi, har sai da John Roncz ya zana wani sabo. Ka duba wanne ne a zanenka.

Sai abin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai, wanda na ga kamar ka tsallake. Babu wadda ta ƙara wa jirgin ikon ɗaukar kaya. Daidaita zama daban, ƙarfin ƙashi daban. Kilo 600 ɗin nan ya fito ne daga ƙashin fiffike, ƙafafun sauka, birki da ƙarfin inji. In ka ƙara nauyi kashi 10 cikin ɗari, mafi ƙarancin gudun da zai riƙe ka a sama ya hau da kusan kashi 5, titin tashi ya ƙaru da wajen kashi 20, birki kuma ya sha zafin da ba a yi shi dominsa ba. Irin waɗannan jirage ba su da leɓen rage gudu a babban fiffike kamar sauran, don haka ba inda za ka rama. Kuma gam ɗin ifoksi da ke riƙe da faibar yana laushi in ya gasu, shi ya sa kusan dukkansu farare ne. Kada wani ya ruɗe ka da baƙin fenti a ranar Bauchi.

Ko ƙaramin sauyi ma ba a raina shi. Long-EZ ɗin da mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a ciki a 1997, wanda ya haɗa shi ya ɗauke makunnin sauya tankin mai daga inda zane ya ce, ya kai shi bayan kafaɗar matuƙi ta hagu, inda sai an juya jiki ake kai masa hannu. Masu bincike sun sa wannan cikin musabbabin hatsarin. Makunni ke nan, ba fiffike ba.

In ni ne kai, fiffiken gaba ba zan taɓa shi ba, tunda ko na ƙara shi sai na dawo ga darma ranar da nake ni kaɗai, an gudu ba a tsira ba. In kuma zama kafaɗa da kafaɗa ya zama dole, in ajiye zanen Long-EZ in nemi na Cozy, wanda wasu suka riga suka sayar da rai wajen gwada shi. Jiragen Air Beetle da aka haɗa a Kaduna don horar da sojojin sama ma daga RV-6A aka samo su, ƙirar da aka riga aka sani. Ranar da za ka fara babban kuma, ka je wa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, da maganar tun kana yankan soso, ba sai ka gama ba.

Samfurinka dai shi ne wurin yin ganganci da araha. Ka yanka fiffiken gaba biyu, na asali da wanda ka ƙara, ka yi su na ɗaurawa da roba. Ka sa batir a kan layin da zai iya matsawa, ka ja masa alama kowace rabin santimita. Ka zo da su ranar Asabar bayan la'asar in iska ta kwanta, zan taho da sikelin awon kaji da salatif, mu riƙa matsar da batirin baya kaɗan-kaɗan mu ga a alama ta nawa kowannensu zai daina gyaɗa kai.