Kafin ka rubuta wa mai shago manhaja: wane kayan aiki zai bar ka ka yi barci?

Aikin kuɗi na farko da na yi, wani dillalin shinkafa ne a Jega ya ba ni. Manhaja yake so wadda za ta riƙe masa lissafin buhunan da suka shigo sito, waɗanda suka fita, da sunayen masu bashi. Sati uku na yi a kanta da yaren rubuta manhaja mai suna Python, ta yi kyau a kwamfutata, na zuba ta a filashi na hau mota daga Birnin Kebbi. A shagon aka shimfiɗa mini darduma, aka kawo ruwa, yaran Alhaji suka zagaye tebur. Na danna sau biyu. Sai ga wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo, wai ba a ga fayil mai suna api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll ba. Na sake dannawa, ya sake dawowa. Alhaji ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Injiniya, wanga abu naka ya ƙiya ko?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan gyara ne kaɗan." Alhali ni kaina ban san me ya faru ba.

Laifin ba a cikin abin da na rubuta yake ba. Kwamfutar shagon Windows 7 ce, ni kuma na yi aiki da sabon Python, kuma 3.8 ne na ƙarshe da ke tashi a kan Windows 7. Da na je na ga injin tun farko, da ban sha wannan kunya ba. Tun daga ranar nake auna kowane kayan aiki da tambaya ɗaya: in ya lalace a Yauri ko Zuru ina Birnin Kebbi, zan iya gyara shi ta waya, ko sai na biya kuɗin mota?

Saboda haka zaɓen kayan aiki yana farawa ne daga shagon mai aikin. Ka je da ƙafarka. Ka duba wace Windows ce, mai bit 32 ce ko mai bit 64, RAM ɗinta nawa, wace firinta ce a gefe, kwamfuta nawa za su yi aiki lokaci guda, kuma in an ɗauke wuta akwai batir ko take take mutuwa. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ta kuma rufe babin Windows 10 a Oktoban 2025, amma mai kemis da ya sayi kwamfutarsa 'yar gwanjo ba ruwansa da wannan labari, muddin tana kunnuwa.

Wanda na fi ba mutane shawara a kansa shi ne yaren C# da WinForms, kayan zana tagogin manhaja, a kan .NET Framework 4.8, tushen Microsoft da manhajar ke gudana a kansa. Ba shi da ado, kuma samari masu son abin yayi suna yi masa kallon tsohon hannu. Amma 4.8 ɗin yana zuwa ne a cikin Windows 11 da Windows 10 na baya-bayan nan, kuma ana iya saka shi a Windows 7 mai sabuntawar SP1. Ke nan fayil ɗin da za ka tura ƙarami ne, yana shiga WhatsApp ba tare da ya cinye datar mai shago ba, kuma idan ka gyara kuskure da dare, da safe yaron shago ya sauke ya ɗora. Visual Studio Community, inda ake rubuta C# ɗin, kyauta ne ga mai aiki shi kaɗai, sai dai saukar da shi na cin gigabait da yawa, gara ka nemi inda intanet ke da ƙarfi ka yi sau ɗaya. Sabon .NET, daga 7 zuwa sama, ya fi sauri kuma shi Microsoft ke ci gaba da rainonsa, amma ya bar Windows 7 a baya, kuma ko dai a saka shi daban a kwamfutar mai shago, ko ka ƙunsa shi cikin manhajar ta yi nauyi.

Ciwon da ya fi kama masu WinForms shi ne sanƙarewa. Ka danna maɓallin rahoton wata, allo ya yi fari, a saman taga Windows ta rubuta cewa manhajar ba ta amsawa. Dalili kuwa shi ne zare ɗaya, wato layin aiki guda a cikin manhajar, ne ke kula da zanen taga da karɓar dannawa, kai kuma ka ɗora masa jan lissafin wata guda. Idan ya yi kamar daƙiƙa 5 bai saurari Windows ba, sai ta ɗauka ya suma. Mai shago kuma ba zai jira ba, zai danna maɓallin kashewa, wataƙila ana tsakiyar rubuta ciniki. Magani shi ne a tura aiki mai nauyi bayan fage da umarnin async da await na C#, a bar masa ɗan layi mai motsi ya san ana aiki. Sai na biyu: kada ka ajiye bayanai a cikin Program Files. A kwamfutarka ba lallai ka ga matsalar ba, amma a ta mutane Windows tana hana rubutu a wannan folda. Wurin ajiya shi ne AppData ko ProgramData. Kuma ka gwada tagoginka a ƙaramin allo mai 1366 da 768, domin na taɓa ganin maɓallin ajiyewa ya faɗa ƙasan allo, ba a ganinsa sam.

Python fa? Ban rabu da shi ba, kuma na san yawancin ɗaliban da ke fitowa daga foliteknik ta Waziri Umaru ko jami'ar Kalgo da ta Aliero sun fi sakewa da shi. Rubutu da shi daɗi, kai shi hannun mai shi ne wahala. Dole ka naɗe shi, wato ka haɗa rubutunka da Python ɗin kansa wuri guda, da wani abu kamar PyInstaller, kuma nan rigima take. Idan ka zaɓi a dunƙule komai a fayil ɗaya, duk lokacin da aka buɗe sai ya kwance kayansa a foldar wucin gadi tukuna, a tsohon faifai kuwa wannan jira ne mai gundura. Hotuna da sauran fayilolin da ka kira da gajeriyar hanya su ɓace, don manhajar ba ta tsaye a inda kake zato. Mafi ciwo, manhajojin kashe bairos sun saba zargin irin wannan fayil, su kama shi su kulle, mai shago ya kira ka yana cewa ka saka masa cuta a kwamfuta. Naɗewa a folda maimakon fayil ɗaya, sannan a yi mata fayil ɗin sakawa a kwamfuta da Inno Setup, wanda ya daɗe a hannun masu wannan sana'a, yana rage yawancin wannan.

Akwai kuma maganar lasisi da ba a cika faɗa wa masu koyo ba. PyQt, kayan zana tagogi a Python, ba kyauta ba ce ga wanda zai sayar da manhaja ya ɓoye rubutunta: ko ka bi sharaɗin lasisin GPL ka buɗe rubutun, ko ka sayi lasisi daga kamfanin Riverbank. PySide tana yin kusan aiki ɗaya a ƙarƙashin LGPL mai sassauci. Tkinter tana zuwa tare da Python, ba ta da kyan gani, amma ba ta da rigima.

Electron, mai gina manhaja da kayan rubuta shafin intanet, ba zan daɗe a kansa ba. Da shi aka gina manhajar rubuta shirye-shirye ta VS Code, kuma wanda ya iya rubuta shafin intanet zai fitar da abu mai kyan gaske cikin kwanaki. Sai dai kowace manhaja tana tafe da burauzar Chromium sukutum a cikinta. Kafin ka rubuta layi ɗaya ta riga ta kai megabait masu yawa, kuma a injin mai RAM gigabait 2 ko 4 za ka ji fanka na kuka, balle a zafin Afrilu. Electron 22 ne na ƙarshe da ya yarda da Windows 7. In asibiti ne mai zaman kansa da ya sayi sababbin kwamfutoci, bismilla. Java ma tana aiki, amma tun JDK 11 aka cire JavaFX, kayan zana tagogi, daga cikinta, dole ka haɗa da kanka. Lazarus kuwa, mai amfani da yaren Pascal, yana fitar da fayil ɗaya da ke tashi a kusan kowane tsohon inji ba tare da saka komai ba. Aibinsa ɗaya: ran da ka tafi hidimar ƙasa ko ka samu aiki a Abuja, da wuya mai shagon ya samu wanda zai gaje ka.

Inda aka fi yin asara ba a yaren rubutu ba ne, a rumbun bayanai ne. Manhaja in ta mutu a sake sakawa. Littafin bashi in ya mutu, zumunci ne zai mutu.

Idan kwamfuta ɗaya ce, SQLite ya isa har ya yi yawa. Fayil ɗaya ne, ba a saka komai, kyauta ne, kuma an gina shi yadda in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, cinikin ko dai ya shiga gaba ɗaya ko bai shiga ba sam, da sharaɗin ka ƙunsa matakan cikin ma'amala guda. Wato rage buhu daga sito da ƙara kuɗi a aljihun shago su tafi tare. Amma kada kwaɗayin sauƙi ya sa ka ajiye fayil ɗin a foldar da kwamfutoci uku ke rabawa. Na yi wannan a wata makaranta mai zaman kanta, inda mai karɓar kuɗin makaranta da mai shigar da sakamako da shugaba duk suke buɗe fayil ɗaya. Satin farko lafiya. Ranar da aka dawo hutu, iyaye sun yi layi, sai saƙon database is locked, wato rumbun a kulle yake, ya riƙa fitowa kamar an aiko shi. Masu SQLite da kansu sun yi gargaɗi a kan amfani da shi ta irin wannan folda, ni ne ban karanta ba.

Da zarar kwamfuta ta wuce ɗaya, a koma ga rumbu mai saba, wanda ke zaune a babbar kwamfuta ɗaya sauran suna haɗuwa da shi: SQL Server Express, ko PostgreSQL, ko MySQL. Express kyauta ne, yana jituwa da C#, kuma iyakar gigabait 10 da ke kan fitowar 2022 shagon magani ba zai cika ta nan kusa ba. Nasa halin shi ne ranar farko kwamfuta ta biyu ba za ta gan shi ba. Kusan kullum abu uku ne: ba a kunna TCP/IP, hanyar da kwamfutoci ke magana da juna, ba domin a kashe yake zuwa, katangar tsaron Windows ta toshe ƙofar da yake amfani da ita, ko kuma rauta ta sauya wa babbar kwamfutar lamba bayan an ɗauke wuta an dawo. Ka kafe mata lamba ɗaya tun ranar sakawa. Microsoft Access kuwa, duk da saurin gina fom a cikinsa, iyakarsa gigabait 2, ba ya son a katse shi ana rubutu, kuma in manhajarka mai 64 ce direbansa mai 32, zai ce maka ba a yi rajistar ACE.OLEDB a injin ba, ka kwana kana nema.

Sai abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda darussan YouTube ba za su tuna maka ba. Wata rana a wani shagon kayan masarufi na tsaya ina kallon rasit na fitowa daga 'yar firintar nan mai takarda milimita 58. Mai sayayya sunansa Ɗanladi, ya ɗauki kiret biyu na ƙwai. Takarda ta fito da "?anladi", a ƙasa kuma "?wai 2". Yaron shago ya kwashe da dariya ya ce, "Oga, ƙwan ma wai-wai ne." Alamar naira ita ma ta koma alamar tambaya. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, babu su a tsohon tsarin haruffan Windows-1252. A SQL Server sai ka yi amfani da NVARCHAR maimakon VARCHAR, fayiloli kuma ka adana su da UTF-8. Firintocin rasit masu bin umarnin ESC/POS yawanci ba su san waɗannan haruffa ba ko da rumbunka ya adana su daidai, don haka ko ka aika rasit ɗin a matsayin hoto, ko ka haƙura da N a madadin ₦. Kafin mai shago ya sayi firinta, a gwada ta da kalmar ƙwai.

Kwanan wata ma haka. Injin da aka bari a tsarin Amurka zai karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, naka kuma 3 ga Afrilu, rahoton wata ya hargitse ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ka adana shekara, wata, rana, a jere, ka bar nunawa ga allo. Tsofaffin kwamfutoci kuma ɗan batirin agogonsu, CR2032, yakan mutu, duk safiya su farka a wata shekara ta can baya. Ka sa manhajar ta ƙi karɓar ciniki in kwanan yau ya gaza na cinikin ƙarshe. Kuɗi kuma kada a riƙe su da nau'in lamba mai suna float, domin a can 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif. Ka yi amfani da nau'in decimal, ko ka ƙirga da kwabo. Mai shago a Kamba, bakin iyakar Nijar, da ke karɓar sefa da naira zai buƙaci a rubuta canjin kowace rana tare da cinikin, ba a wuri guda da za a goge gobe ba.

Kuɗin da za ka kashe a kayan aikin kansu kaɗan ne, kusan duk kyauta suke. Wanda ake biya da dala duk shekara shi ne takardar sa hannu a manhaja, wadda ke rage fitowar shuɗin allon gargaɗin Windows, SmartScreen, mai tsorata mutane. Ga mai kwastoma biyar da yake saka musu da hannunsa, ban ga dalilin sayenta ba tukuna. Abin da ba na sassauci a kai, ko da wane yare aka yi aikin, shi ne manhajar ta riƙa rubuta duk kuskuren da ta ci karo da shi a wani fayil, da lokaci da lambar layi, a kuma sa maɓalli ɗaya da zai buɗe shi. "Ya ƙiya" ba ta gaya maka komai, hoton wannan fayil a WhatsApp kuwa sau da yawa ya isa. Haka ma kwafin ajiya zuwa filashi duk lokacin rufe shago, ta hanyar da rumbun ya tanada, kamar VACUUM INTO a SQLite, ba jan fayil ana cikin aiki ba.

Na Alhaji dai a daren na koma Python 3.8 mai 32 na sake naɗewa, washegari ta tashi. Yanzu akwai wata tsohuwar kwamfuta mai RAM gigabait 2 a ƙarƙashin teburina, ba batir a jikinta. Duk manhajar da zan kai wa mutum sai ta kwana a kanta: in mayar da agogo baya, in sauya tsarin kwanan wata zuwa na Amurka, in shigar da Ɗanladi da ƙwansa, in danna ajiyewa, sannan in fizge wayar wuta daga bango in ga abin da zan tarar in ta dawo.