Dokin yara da 'yan koyo: wanne ya kamata ka saya?

Mutane da yawa in za su saya wa yaro doki sai ka ji sun ce a samo dukushi su taso tare. Maganar da daɗin ji, amma ita ce ke kayar da yara, yaro bai iya ba, dukushin ma bai iya ba, to wa zai koya wa wani? Ɗan koyo dokin da ya ga jiya ya ga yau yake buƙata, mai shekara 10 zuwa 18 haka, wanda ƙarar mota ko leda ta taso a iska ba za ta firgita shi ba. Doki in ya samu kulawa yana kai shekara 25 har 30, don haka mai 15 da sauransa sosai.

Ingarma kam cire shi a lissafi, komai kyansa, da ya hango goɗiya ya manta da wanda ke bayansa. Goɗiya akwai masu sanyin hali ƙwarai, sai dai wasu in lokacin barbararsu ya zo sukan canza. Ni dai dandaƙaƙƙe na fi yarda da shi, halinsa na yau shi ne na gobe. Kuru kuma gajere ne, yaro zai iya sa masa sirdi da kansa, in ma ya faɗo ƙasa na kusa, amma fa akwai taurin kai, kuma da yake manya sun yi masa nauyi sau da yawa ba wanda ya hore shi yadda ya kamata. Mahayi da sirdi kada su wuce wajen kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin.

Ranar dubawa ka riga lokacin da kuka yi da mai shi, ka ga yadda ake kwance shi daga turke, yadda yake karɓar linzami, in an ja majayi yana kwantar da kunnuwa baya ko yana kai cizo. In ka tarar da shi jiƙe da gumi to wataƙila an gajiyar da shi ne kafin ka zo. In kuma leɓensa na ƙasa ya saki, ido a lumshe, yana jan ƙafa, mai yiwuwa allurar kwantarwa aka yi masa. Mai shi ya fara hawa, sannan kai, yaro a ƙarshe da hular kwano a kai. Ka ɗaga kofatansa huɗu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ba ka ƙafa ba gardama an sha taɓa shi. Ka lura da linzamin ma, dokin da sai da mai tsanani yake tsayawa ba na hannun yaro ba ne.

Likitan dabbobi ya duba haƙora don kimanta shekaru, da ido da numfashi da ɗingishi. Sannan ka nemi a ba ka shi gwaji ko na sati ɗaya ne kafin ka biya, in mai shi ya ƙi ko da ka sake dawowa ka hau, ka nemi wani kawai.