GARGAƊI: Mai sayar da distribitan jabu na tsofaffin Volkswagen a intanet

Jama'a masu riƙe da tsofaffin motoci, musamman masu Beetle da Kombi, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke tallar distribita, wato na'urar da ke raba wa fulogogi wuta, a intanet, yana cewa asalin Bosch ne, wai shi da hannunsa ya kwance ya gyara ya gwada. Ƙarya yake yi. Ya karɓi rabin kuɗi, ya ƙara da abin da ya kira kuɗin gwaji, ya karɓi sauran rabin, sannan ya aiko mini da abin da ya kusa ƙona mini injin. Wallahi har yanzu raina a ɓace yake.

Motata injin 1600 ne da ita, mai sanyaya da iska, da kafireto 34 PICT-3. Matsalarta sananniya ce: daga silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, in ka taka totur sai ta shaƙe kamar za ta mutu, sannan ta figa. Distribitan da na same ta da shi irin 009 ne, wanda ba shi da gwangwanin bakyum (wanda ke aiki da zuƙar iskar kafireto), nauyi da sifirin kaɗai ke ƙara masa taimin, wato saurin tashin wuta, idan injin ya ɗau juyi.

To ni ban gaya wa mai tallar wannan ba. Cewa kawai na yi motar tana shaƙewa. Sai ya ce: "Yallaɓai, kafin mu yi maganar kuɗi, ka duba bawul? Milimita 0.15, injin a sanyaye?" Na ce na duba. Ya ce: "Gibin kwantak fa, 0.4?" Na ce daidai yake. Ya ce: "In 34 PICT-3 ne a kai kuma 009 ne a jikinta, ba taimin ne ya goce ba, haɗin ne bai dace ba. Distribita 034 kake buƙata, mai bakyum ɗaya." Kafin mu yi maganar kuɗi. Wannan kalmar ce take ta yi mini yawo a kai. Kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne, wanda ya san motocin nan ba zai musa ko ɗaya ba. Har jerin wuta ya karanto mini, 1-4-3-2, ya ce in tabbatar rota yana kallon ɗan tsagin nan na bakin distribita idan silinda ta ɗaya ce ke kan wuta. Ku gaya mini, wa zai ji haka ya ce ɓarawo ne? Ba jiya na fara riƙe sifana ba. Na yi masa tambayoyin da suka kamata, ya amsa su daidai.

Na tura rabi. A'a, kafin wannan ma ya turo bidiyo, distribita yana juyawa a kan injin gwaji, allura tana hawa a hankali. Daga baya ne na lura babu inda aka nuna lambar jikinsa a bidiyon. Sai ya ce gwajin nan biya ya yi, in taimaka da kuɗin gwaji. Na tura. Sai ya ce ba ya sakin kaya sai an cika. Na tura sauran rabin. Rabi, kuɗin gwaji, rabi. Ko sisi ban rage masa ba, ban ma nemi ragi ba, don na ɗauka da gwani nake magana.

Da kayan ya iso yana ta ƙyalli. Na ɗaura, na cire tiyon bakyum na toshe, na saita shi a digiri 7.5 kafin fistin ya kai ƙololuwa, kamar yadda ake yi wa irinsa. Na haska fitilar taimin a kan fuli. Alamar taimin da ke jikin fulin ta ƙi tsayawa, tana tsalle gaba da baya a silo. Na ɗaga juyi zuwa 3000 a minti, inda ya kamata ta tsaya tsakanin digiri 28 da 32, sai ta wuce 40 tana neman ƙari. Injin da iska ke sanyaya shi ba ya jure wannan. Wutar tana tashi da wuri, fistin bai gama hawa ba an riga an buge shi, zafi ya taru a kan silinda, daga nan sai ƙonewar bawul ko hujewar fistin. Da na ɗan zagaya da ita, a hawan farko na ji ƙarar nan kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Nan take na kashe ta.

Na kira shi. Ko kuwa saƙo na fara turawa, sannan na kira? Duk dai yana cikin hotunan hirar da zan saka. Ya ce: "Yallaɓai, ɗan rage taimin ɗin, sabo ne, zai zauna." Distribita ba ya zama. In na mayar da shi baya don a juyi 3000 ya dawo digiri 30, a silo wutar ta makara ke nan, motar ba ƙarfi, tana harbi ta salansa, kuma zafin bai tafi ba. Ya san haka sarai. Mutumin da ya ce kafin mu yi maganar kuɗi, shi ne yake ce mini zai zauna.

Na cire shi na buɗe a kan tebur. Na kama shaf na girgiza, yana motsi gefe da gefe har kana jin ƙwas-ƙwas, bushinsa ya gama cinyewa, shi ya sa gibin kwantak yake canzawa da kowane juyi, alamar take tsalle. Na zuƙi tiyon bakyum da baki, iska ta wuce fayau, farantin kwantak ko motsi bai yi ba, robar ciki a yage take. Sifirin biyun da ke riƙe nauyin, ɗaya ya saki ya miƙe. Farantin lambar kuma da gam aka manna shi, na sa farce ya ɓallo, ƙarƙashinsa babu komai. Ba laifin kamfanin Bosch ba ne, sunansu aka sata aka liƙa wa tsohon kwaikwayo da aka wanke aka fesa wa fenti.

Na tura masa hoton farantin a tafin hannuna. Ya karanta, ya toshe ni. Tallar tana nan, ya canza suna kawai, bidiyon ma shi ne dai. Rabi, kuɗin gwaji, rabi, duk sun tafi. Allah ya isa.

Kada ku cika kuɗi kafin ku ga kaya. Ku sa a nuna muku lamba, a girgiza shaf, a zuƙi bakyum, duk a bidiyo ɗaya ba yankewa. Kowane distribita kuka ɗaura, ku duba shi da fitila a juyi 3000 kafin ku hau titi.

Hotunan hirar da rasit ɗin turawa da bidiyon shaf ɗin suna tafe, zan rufe lambobin asusu ne kawai. Duk wanda mutumin nan ya yi wa irin wannan ya yi magana. Ni yanzu sai na auna matsin silinda huɗun kafin in san ko bawul ya taɓu.